MAGANIN MANTUWA GA ƊAN KWALEJI

Babu kukan da ya fi yawa a bakin 'yan kwaleji kamar kukan mantuwa. Mutum ya zauna cikin aji ya saurara, ya rubuta abin da malami ya faɗa, da dare kuma ya duba littafinsa har ya ga kamar kome ya zauna daram. Bayan mako uku a tambaye shi, sai ya yi ta susar ƙeya. Waɗansu su kan ɗora laifin bisa kawunansu, su ce Allah bai ba su kai ba. To, mu dai a ganinmu yawancin laifin na shirin karatun ne, shiri kuwa abu ne da kowa ke iya gyarawa. Maganar ta fi nauyi a gare mu da mu ke koyon aikin malanta, domin gobe za a danƙa mana 'ya'yan mutane, wanda kuwa bai iya tsare karatunsa ba, da wuya ya koya wa yaro tsare nasa.

Bari mu fara da sanin halin mantuwar. A cikin 1885 wani malami Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga littafi a kanta, bayan ya yi shekaru yana gwaji a kan kansa. Ya harhaɗa gaɓoɓi marasa ma'ana, don kada sanin ma'ana ya taimake shi, ya riƙa hardace su jeri jeri. In ya hardace jeri sai ya ajiye, bayan wani lokaci ya koma ya sake hardacewa, ya auna sauƙin da ya samu a karo na biyu. Sauƙin nan shi ne ma'aunin abin da ya rage a kansa. Ga abin da ya samu: bayan minti 20, kashi 58 cikin 100 ya rage, bayan sa'a guda, kashi 44, bayan kwana guda, wajen kashi 34, bayan kwana 6, kashi 25, bayan kwana 31, kashi 21.

Ku dubi lissafin nan da kyau. Abin da ya zube cikin sa'ar fari ya fi abin da ya zube cikin sauran watan duka. Watau sabon karatu kamar ruwa ne a sabuwar tukunya, da fari ta ke shanye shi da sauri, in ta ƙoshi sai ta riƙe. Gaskiya ne karatu mai ma'ana, kamar tarihi ko labarin ƙasa, ya fi gaɓoɓin banza daɗewa a kai, sabo da haka ma ya kamata mutum ya fahimci abu kafin ya nemi hardace shi. Amma duk da haka ɓarnar a farko ta fi yawa. Wanda ya bar darasin yau sai makon jarrabawa ya koma masa, kusan sabon karatu zai tarar.

Malamin nan ya gano wani abu kuma. Akwai jerin da ya maimaita sau 68 a rana guda don ya zauna masa washegari. Da ya rarraba maimaicin cikin kwana uku, sau 38 kaɗai ya ishe shi. Ke nan rarrabawa ta rage masa kusan rabin wahala. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Mu da muka taso a makarantar allo, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malam ba ya yarda yaro ya wanke allo sai ya kawo karatunsa da ka. In ya wanke ya rubuta na gaba, ba a sake shi da na baya, kullum sai ya yi tishi, da asuba ko da dare a gaban wutar kara. Mai harda kuwa ya san in ya bar tilawa kwanaki, karatu zai suɓuce masa. Da irin wannan shiri a ke riƙe izu 60 a ka, har gwani ya zauna ya rubuta su ba tare da duba takarda ba.

Har wa yau, cikin Ta'alimul Muta'allimi, littafin da Shaihu Zarnuji ya wallafa wajen shekara 800 da suka wuce, wanda a ke karantawa a zaurukan malamanmu, an tsara wa almajiri tishi da lissafi. Darasin jiya a maimaita sau 5, na shekaranjiya sau 4, na gabaninsa sau 3, sa'an nan sau 2, sa'an nan sau 1. In muka tara, kowane darasi ya sami maimaici 15 cikin kwana 5, mafi yawansu kuwa a farko, daidai lokacin da mantuwa ta fi ƙarfi. Abin da Bajamushe ya auna da agogo, ga shi malamanmu suna aiki da shi tun da daɗewa. Abin mamaki, da yawa daga cikinmu, da an ba mu littafin boko sai mu ajiye dabarar allo a bakin ƙofa, sai ka ce ƙwaƙwalwar da ke riƙe Larabci dabam ta ke da mai riƙe lissafi.

To, yaya a ke tishin? A nan ne mu kan ruɗi kanmu. Yawancinmu in an ce tishi, sai a buɗe littafi a bi shi da ido. Da ido ya ga shafin da ya saba gani, sai zuciya ta ce ta sani. Amma gane abu in an gan shi dabam ne da fito da shi in an tambaya, jarrabawa kuwa na biyun ta ke nema, hakanan ajin yara. A cikin 1917 wani malami a Amurka, Arthur Gates, ya gwada 'yan makaranta da gaɓoɓi da gajerun tarihin mutane. Waɗanda suka kashe fiye da rabin lokacinsu suna ɗauke ido daga takarda suna faɗi da ka sun fi waɗanda suka yi ta karantawa kawai.

A cikin 2006 waɗansu malamai biyu, Roediger da Karpicke, suka sake gwajin da ɗaliban jami'a. Kashi guda aka ba su labari suka yi zama huɗu suna karantawa. Kashi guda kuwa zama ɗaya suka karanta, sa'an nan suka yi zama uku suna rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu yawan karantawa ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu rubutawa da ka suka tuna kashi 61 cikin 100, masu yawan karantawa kashi 40. Su kuwa masu yawan karantawan nan, su ne tun da fari suka fi amincewa za su tuna. Ashe jin daɗin karatu ba shi ne shaidar zamansa ba. In ka rufe littafi ka ji kana fama kafin amsa ta fito, kada ka ƙosa, faman nan shi ke kafa ta.

Saura barci. Akwai masu ganin raba dare da fitila shi ne alamar himma. A cikin 1924, a jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach suka sa ɗalibai biyu hardace gaɓoɓi goma goma. In suka yi barcin sa'a 8 bayan hardar, su kan tuna wajen rabi ko fiye. In kuwa suka yini a farke sa'a 8 suna harkokinsu, da ƙyar su kan tuna ɗaya. Binciken da aka yi ta yi daga baya ya ƙarfafa cewa cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da ta koya. Wanda ya kwana zaune daren jarrabawa, ya hana kansa wannan taimako, ga shi kuma zai shiga ɗakin da nauyin ido.

Yanzu sai mu haɗa waɗannan cikin shirin yini, ga shi kuwa kamar yadda mu ke ba da shawara.

Na fari, kada darasi ya kwana ba a waiwaye shi ba. Da an zauna karatun dare, kafin a taɓa wani aiki, a ɗauki minti 15 a rufe littafi a rubuta kan maganar kowane darasin yau a 'yar takarda, sa'an nan a buɗe a ga abin da aka tsallake. A sake haka washegari, da bayan mako, da bayan wata. Kowane komawa ya fi na gabaninsa sauƙi.

Na biyu, a raba aiki tun ranar da aka ba da shi. In an ce littafi mai shafi 240 za a gama cikin mako 12, shafi 20 ke nan a mako, watau shafi 4 a rana cikin kwana 5, ga kwana biyu sun rage na tishi da hutu. Shafi 4 ba ya tsorata kowa, amma 240 a mako guda ya kan sa jarumi zazzaɓi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, a ba kowane lokaci aikin da ya dace da shi. Shaihu Zarnuji ya yabi goshin asuba da tsakanin magariba da lisha. Mu ma mun ga abu mai wuya, kamar lissafi, ya fi shiga da safe sa'ad da kai ke sake. Kwafe rubutu da zanen taswira a bar wa lokacin da jiki ya yi la'asar. A rubuta tsarin a manna inda ido zai riƙa faɗa masa, a sa lokacin wasa da na wanki da na barci a ciki, gama tsarin da bai bar wurin hutu ba, ba ya kwana uku.

Na huɗu, a gyara littattafan rubutu. Kowane fanni da nasa, kowane darasi da kwanan watansa. A bar fili a gefen shafi, a rubuta tambaya daura da kowace magana. Ran tishi sai a rufe rubutun da hannu a amsa tambayoyin. A riƙe ɗan ƙaramin littafi guda na aikin da malamai suka bayar da ranar da za a karɓa, don kada kai ya ɗauki kayan da takarda ta isa ta ɗauka.

Na biyar, kowa ya nemi abokin karatu, ɗaya ko biyu, waɗanda ba sa mai da zama hira. A riƙa tambayar juna, kowa ya bayyana wa ɗan'uwansa darasi da bakinsa. Wurin da bayani ya sarƙe maka, nan ne ba ka gane ba, gara kuwa ka sani a gaban aboki da ka sani a gaban yara arba'in.

Ran da aka tura mu gwajin koyarwa, duk wannan zai bi mu cikin aji. Malamin da ya san halin mantuwa ba zai fara darasin yau ba sai ya ɗauki minti biyar ya tambayi na jiya, ran Litinin kuma ya taɓo na makon da ya wuce. Ba zai yi fushi ba in yaro ya manta, ya san haka kai ya ke, sai ya ƙara masa tishi. Amma ba za mu iya koya wa yara abin da ba mu saba da shi ba, sabo da haka sai mu fara da kanmu tun daren yau, da darasin da aka yi mana da safe. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu amfanar da na bayanmu, amin.