Sunayen Cututtukan Dabbobi a Hausa da Abin da Bincike Ya Gano

Da wuya makiyayi ya rasa sunan ciwon da ya kama dabbarsa. In aka tattara sunayen da Hausawa ke amfani da su, za a ga yawancinsu sun kasu kashi uku. Na farko, waɗanda a ke kira da sunan gaɓar da ciwon ya fi ci, kamar huhu da hanta da saifa. Na biyu, waɗanda a ke kira da kamannin da dabba ke yi, ko da yadda ciwon ya auko mata, kamar bushiya da harbin daji. Na uku, waɗanda aka aro daga Fulani masu shanun, kamar boru da sammore. Yawancin sunayen nan abin da ido ya gani su ke faɗi. Masu binciken lafiyar dabbobi kuwa, tun daga ƙarshen ƙarni na 19, suna rarrabe cututtuka bisa ga ƙwayar da ke haddasa su. Nufin wannan takarda shi ne a gwada inda hanyoyin nan biyu suka haɗu da inda suka rabu, game da bushiya da huhu na shanu, da kuma annoba biyu na kaji, domin malamin da ke koyar da kiwo da Hausa ya san nauyin kalmar da ya ke furtawa.

Ƙwayar cuta iri biyu

Kalmar nan ƙwayar cuta tana rufe abubuwa biyu waɗanda ba su da dangantaka. Akwai bakteriya, wadda a ke iya gani da madubin likita, tana kuma iya hayayyafa da kanta in ta sami abinci. Akwai kuma bairas, wadda ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ta kuwa hayayyafa sai a cikin jikin mai rai. A kan ciwon shanu aka fara gane irin ta biyun a jikin dabba. Cikin 1898 waɗansu likitoci biyu na ƙasar Jamus, Loeffler da Frosch, suka ɗebi ruwan ƙurajen boru, ciwon nan na baki da kofato, suka tace shi da mataci wanda bakteriya ba ta iya ratsawa, sa'an nan suka sa wa lafiyayyun dabbobi, sai ga shi sun kamu. Daga nan aka tabbata akwai wani abu mai sa ciwo wanda madubin zamanin ba ya nunawa.

Wannan bambanci yana da amfani ga mai dabba, gama magungunan da ke kashe bakteriya ba su taɓa bairas. Ciwon da bairas ta kawo, riga-kafi da tsare lafiyayyu daga marasa lafiya su ne makamansa.

Bushiya

Bushiya ciwon bairas ne. Saniyar da ta kamu ta kan yi zazzaɓi, idanu da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, sa'an nan zawo ya biyo baya, cikin mako guda ko biyu ta mutu. Gashin jikinta kuwa ya kan tashi tsaye, kamar ƙayar dabbar nan da suka yi tarayyar suna. Babbar annobarta ta shigo Afirka cikin 1887 ta tashar jiragen ruwa ta Massawa, a bakin Bahar Maliya, tare da shanun da sojan Italiya suka kawo. Wajen 1890 ta iso ƙasashen Tafkin Chadi da ƙasar Hausa, a 1896 ta kai Afirka ta Kudu. A wurare da yawa cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu suka tsira.

De St. Croix da Stenning, waɗanda suka yi rubutu a kan Fulanin daji, sun ambaci sunayen da makiyaya suka laƙaba wa shekarun annoba. Ta farkon nan sannu a ke ce da ita, watau gaisuwar jaje da a ke yi wa wanda ya yi hasara. Ta 1913 zuwa 1914 kuwa gamagari. Duka biyu kalmomin Hausa ne, sun kuwa adana tarihin da ba a rubuta ba.

Sabo da bushiya aka kafa ɗakin binciken dabbobi na Vom, kusa da Jos, cikin 1924. Aikinsa na farko shi ne tanadin ruwan jinin shanun da suka warke, wanda a kan yi wa dabba allurarsa tare da ɗan jini mai ɗauke da ciwon. Dabara ce mai haɗari, gama waɗansu shanu su kan mutu a wurin riga-kafin. Daga baya aka koma ga ƙwayar da aka raunana ta hanyar bi da ita cikin jikin awaki. Wajen 1960 Walter Plowright, wani likitan dabbobi Bature da ke aiki a Muguga ta ƙasar Kenya, ya raini ƙwayar cikin naman ƙodar maraƙi a kwalba, yana juya ta daga wannan kwalba zuwa waccan har wajen sau 90, har ta rasa dafinta. Allura ɗaya tak daga gare ta na tsare saniya muddin ranta.

Da wannan makami aka gudanar da yaƙin haɗin gwiwa wanda aka fara cikin 1962 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, ya bazu zuwa waɗansu ƙasashe, aka rufe shi a 1976. Amma an yi saurin ajiye makami. Ciwon ya maƙale a ƙasar Mali da kuma Sudan da Habasha, ya sāke tasowa, ya shigo Nijeriya ta gabas da ta yamma, ya yi ɓarna mai yawa cikin 1983. Aka sāke ɗaura ɗamara a 1986. A wannan karo aka sami allurar da ke jure zafi har wata guda ba tare da ƙanƙara ba, aka kuma koya wa makiyaya yin ta da kansu. Har wa yau, a kudancin Sudan da ƙasar Somaliya, masu bincike suka riƙa zama da makiyaya suna tambayarsu sunayen cututtuka da alamunsu da harshensu, ta haka suka gano wuraren da ciwon ya ɓuya. An ga bushiya gani na ƙarshe cikin 2001 a jikin ɓauna a Kenya. A 2011 aka yi shelar ta ƙare a duniya, ita ce ta biyu bayan agana, wadda aka yi shelar ƙarewarta a 1980.

Tana da 'yan'uwa da suka rage, watau ƙyanda ta mutane, da annobar awaki da tumaki wadda aka fara bayyanawa a Kwaddibuwa cikin 1942. Allurar da aka fi amfani da ita a kan wannan ta biyun daga ƙwayar da aka samo a Nijeriya cikin 1975 aka yi ta. A taron Abijan na 2015 aka yanke shawarar kawar da ita zuwa 2030.

Huhu

A nan sunan Hausa ya dace da abin da likita ke gani. Saniya ta kan tsaya ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana nishi da tari. In an feɗe ta sai a tarar huhu ya taurare ya manne da haƙarƙari, ƙirji cike da ruwa rawaya. Amma ƙwayar ba bairas ba ce. Nocard da Roux na Faransa suka fara rainonta a 1898. Wata irin bakteriya ce ƙarama ƙwarai, marar ɓawo, shi ya sa maganin fenisilin, wanda ɓawon bakteriya ya ke rushewa, ba ya cin ta.

Tun kafin zuwan Turawa Fulani suna da riga-kafinsu. Su kan yanki ɗan huhun saniyar da ciwon ya kashe, su tsaga fatar karan hancin lafiyayya su cusa shi. Likita Willems na ƙasar Beljiyam ya bayyana irin wannan dabara wajen 1852, sai dai shi a wutsiya ya ke yi. Abin da bincike ya ƙara shi ne wannan: saniyar da ta warke ta kan riƙe ƙwayar a dunƙule cikin huhunta watanni da yawa, tana kiwo lafiya lau, tana kuwa iya sa wa waɗansu. Allurar huhu kuma ba ta daɗewa kamar ta bushiya, sai an maimaita kowace shekara. Sabo da haka huhu na nan har yanzu. Da ya ɓulla a ƙasar Botswana cikin 1995, sai da aka karkashe shanu wajen 320,000 kafin a ga bayansa.

Annobar kaji

A wajen kaji ne sunaye suka fi gazawa. In kaji suka soma mutuwa a gari, musamman da hunturu, sai a ce annoba ta shigo, ko a ce mura ce. Alhali kuwa cututtuka biyu ne masu kama da juna, ƙwayoyinsu dabam dabam, ko da ya ke duka bairas ne.

Ta farko an gane ta cikin 1926 a tsibirin Jawa da kuma garin Niyukasil na Ingila, wanda aka sa mata sunansa. A Nijeriya an tabbatar da ita a 1952 wajen Ibadan. Kaza ta kan yi haki, ta yi koren zawo, wuya ya murɗe, fikafikai su saki. Tana da allura, har akwai irin da masana na Jami'ar Kwinslan ta Ostareliya suka fitar dominta, mai jure zafi, wadda a ke ɗiga wa kaza a ido bayan kowane wata uku ko huɗu. Ita ce ta dace da kajin ƙauye, waɗanda galibi dukiyar mata ce, da su a ke sayen magani da littafin yaro.

Ta biyu ita ce murar tsuntsaye. Perroncito ya bayyana ta a Italiya tun 1878, amma sai 1955 aka gane ƙwayarta dangin murar mutane ce. Irinta mai tsanani da a ke kira H5N1 ta kama mutum 18 a Hong Kong cikin 1997, shida suka mutu. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji, cikin Jihar Kaduna, karo na farko ke nan a Afirka. Cikin watan kuma ta bayyana a Magariya ta Nijar. A farkon 2007 ta kashe wata mata a Ikko. Da aka binciki ƙwayoyin da aka samu a gonaki dabam dabam, aka ga ba shigowa ɗaya ta yi ba. Ta sāke dawowa a 2015.

Ido ba ya iya raba cututtukan nan biyu, sai an kai samfur ɗakin bincike. Allurar ɗaya ba ta tsare ɗaya. Ta farko ba ta yi wa mutum kome sai ɗan jan ido, ta biyu tana iya kisa. Ga shi kuma al'ada ce in kaza ta soma layi a yi maza a yanka ta kada ta zama mushe, ko a kwashi sauran a kai kasuwa. Mai fige ta na cikin haɗari, kasuwa kuma ta rarraba ciwon ga garuruwa. Kalmar mura kanta tana rage wa abin nauyi, gama ga Bahaushe mura ciwon kwana uku ne da ba ya hana zuwa gona.

Abin da ya rage ga malamai

Daga abin da ya gabata za a ga sunayen gargajiya ba abin yarwa ba ne: inda makiyaya suka daɗe da ciwo, kamar bushiya da huhu, sunansu ya tsaya daidai a kan ciwo guda, har masu bincike suka dogara da irinsa. Inda ciwo baƙo ne, suna ɗaya ya kan rufe biyu. Ya kamata malamin da ke shirya darasi ya ambaci sunan da mutane suka sani, ya bi shi da alamun ciwon, sa'an nan ya faɗi irin ƙwayarsa, ko tana jin magani ko sai riga-kafi, ko kuma tana kama mutum. Ya kamata kuma a tattara sunayen nan lardi lardi daga bakin tsofaffin makiyaya da mahauta. Yaron da aka haifa bayan 1990 bai taɓa ganin saniya mai bushiya ba. In ba a rubuta ma'anar kalmar ba, nan gaba ba wanda zai san ta sai da sunan dabbar nan mai ƙaya.