Lasisin Karɓa-Karɓa: Kafin a Sayo Ƙari, a Duba Kwafin Kwamfuta

Kamfanin da ya sayi lasisi goma na manhaja mai tsada irin MATLAB yana iya tara su a kwamfuta ɗaya, wato saba, mai bukata ya ara, in ya gama ya mayar, kamar gugan rijiyar unguwa. Fitaccen tsarin da ke wannan rabo shi ne FlexLM, wanda ya fito a 1988, yau kuma ake kiransa FlexNet. An gina shi ne domin ma'aikaci mai suna ɗaya da na'ura ɗaya. Masu gwajin manhaja ta atomatik kuwa sukan ƙirƙiri kwamfuta a cikin kwamfuta, su kwafe ta sau ashirin, kowace ta yi aikin mintuna kaɗan a goge ta. Ba a jimawa sai kuskure mai lamba -4 ya bayyana, wato lasisi ya ƙare, alhali babu mai amfani da shi.

Galibi ba ƙarancin lasisi ba ne matsalar. Kwamfutar da aka goge tana tsakar aiki ta tafi da gugan ke nan, saba kuma tana nan tana jiran ta dawo, wani lokaci har sa'o'i. Umarnin lmstat zai nuna sunayen na'urorin da tuni babu su, amma suna riƙe da lasisi. Maganin shi ne gwajin ya rufe manhajar kafin a goge na'urar, a kuma sa wa'adin TIMEOUT domin saba ta karɓe abin da aka bari. Sai batun suna, wanda ya fi wuyar ganewa. Kwafi yakan gaji sunan uwarsa, a Linux har da lambar machine-id, wadda kan sa na'urori biyu su sami adireshin IP iri ɗaya. Ta yaya saba za ta bambance su? Dole kowane kwafi ya sami sabon suna tun tashinsa na farko. A Windows, aikin manhajar Sysprep ke nan. Agogo ma yakan jawo kuskure -88 idan an mayar da na'ura tsohon yanayinta, lokaci ya koma baya.

Wani zai ce a ƙaro lasisi a huta. To, tulun da ke yoyo ba a gyara shi da ƙarin ruwa. Sababbin ma haka za su maƙale. Wani kuma zai ce a bar kwafin da suna ɗaya, tunda wasu lasisin suna ƙirga mai amfani ɗaya a na'ura ɗaya sau guda. Wannan dabara tana iya saɓa yarjejeniyar da aka sa wa hannu, kuma ran da gwaji ya tsaya, babu mai iya gane na'urar da ta jawo. Mai kula da irin wannan aiki ya fara duba lmstat kafin ya nemi a saki kuɗi.