KARE DA KYANWA: LAFIYARSU LAFIYAR GIDA CE



A wannan wata za mu yi magana a kan bisashe biyu waɗanda ba a kai su kasuwa, ba a yanka su ranar suna, ba a lissafa su cikin dukiya. Su ne kare da kyanwa, wadda wasu ke ce ma mussa. In saniya ta ƙi cin ciyawa, maigida ba ya barci. In kare ya kwana uku bai ci ba, ba mai tambaya. Alhali kare ne ke tsaron garke da dare. Shi ke korar dila daga ƴan tumaki. Shi ke gadin garkar albasa a fadamar Tarka. Kyanwa kuwa ita ke hana ɓera ɓarna cikin rumbu. Kuma su biyun nan su ne ke wasa da yaranmu. Ciwon da ya kama su ya riga ya shigo gida.

Malamai sun gaya mana an halatta ajiye kare don tsaron bisashe da tsaron gona da farauta. Sun kuma ce duk wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta yana wuyansa. To, ga abin da ya kamata mu riƙa yi musu. Mafi yawansa ba ya cin ko dala.

RUWA DA CIMAKA

A ba kare kaskonsa na ruwa, shi kaɗai. A aje shi a inuwa, a wanke shi, a sake ruwan kullum. Kada ya sha a ƙwaryar da mutane ke sha. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa. Saboda haka a watan Afirilu da Mayu, in aka ɗaure shi a rana, zafi kaɗai na iya kashe shi.

A ba shi abinci a gida, ko sau ɗaya ne a yini: sauran tuwo, ƙanzo, ɗan nono, dafaffen nama in an samu. Karen da ya ƙoshi yana zama gida. Karen da ke jin yunwa shi ke yawon juji, ya ci mushe, ya yi faɗa da baƙin karnuka, ya kwaso ciwo ya kawo mana. Kyanwa ma a ba ta nata. Kyanwar da ake ciyarwa ba ta barin kamun ɓera.

Akwai abubuwan da ke cutar su, mu kiyaye:

1. Albasa. Ƙasarmu ƙasar albasa ce. Amma in kare ko kyanwa sun ci ta da yawa, ɗanya ko dafaffa ko gabu, tana lalata musu jini.
2. Dafaffen ƙashin kaza da ƙayar kifi. Suna tsagewa, su soki maƙogwaro ko hanji.
3. Maganin ɓera. Kyanwar da ta ci ɓeran da ya sha guba, ita ma gubar na iya kashe ta.
4. Maganin mutane. Ƙwayar parasetamol guda ɗaya ta isa ta kashe kyanwa.

KASKA DA ƘUMA DA ƘAZUWA

Kowane mako a duba jikin kare. A duba cikin kunne, da wuya, da tsakanin yatsu. Nan kaska ke ɓoyo. Kaska na shan jini, tana kuma zuba ciwo cikin jini. A ɗaga leɓen kare a dubi dasashinsa. In ja ne, da sauƙi. In ya yi fari, jininsa ya ragu, sai a nemi malamin bisashe.

In za a cire kaska, a kama ta daf da fata, a ja a hankali har kanta ya fito. A jefa ta cikin wuta. Kada a murtsuke ta da yatsa. Bayan haka a wanke hannu da sabulu.

Kaskar kare tana ɓoyo cikin tsagar bango. Ƙwan ƙuma kuwa cikin ƙura da tsummoki yake. Don haka a riƙa share makwancin kare, a liƙe tsagogi da laka, a ƙone tsohon buhun da yake kwana a kai. Wurin ya zama busasshe. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa. Tsutsarsa na shiga fatar ƴan kwikwiyo, ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Tana shiga fatar yara ma.

In gashin kare na zuba, yana susa dare da rana, wataƙila ƙazuwa ce. In kyanwa ta yi tabo mai kewaye ba gashi, wataƙila makero ne, kuma yara na ɗaukarsa. Wasu na shafa baƙin man mota. Wasu na wanka wa kare da maganin feshin albasa ko na wake. Wannan kuskure ne babba. Gubar na ratsa fata, dabbar kuma tana lasar jikinta. Har maganin kaska na kare akwai wanda ke kashe kyanwa. A tambayi malamin bisashe kafin a shafa komi.

TSUTSAR CIKI: DAGA KARE ZUWA TUNKIYA, ZUWA MUTUM

Makiyaya da mahauta, ku karanta nan da kyau.

Wani lokaci in an yanka tunkiya ko akuya ko raƙumi, sai a ga wasu jakunkunan ruwa a hanta ko a huhu. Mahauci ya yanke wurin, ya jefa wa kare. Cikin jakar nan akwai ƴaƴan tsutsa masu yawa. In kare ya ci, sai su girma cikin hanjinsa. Ƙwansu ya fito cikin kashinsa, ya zuba a ciyawa da bakin rijiya. Tunkiya ta ci ciyawar, jakar ruwa ta fito a hantarta. Ƙwan nan ido ba ya ganinsa. Yana maƙalewa a gashin kare. Yaro ya shafa kare, ya ci tuwo bai wanke hannu ba, ya haɗiye shi. Bayan shekaru jakar ta girma cikin hantarsa ko huhunsa. Sau da yawa sai an yi masa aiki a asibiti.

Haka kuma tunkiyar da ke juyawa wuri ɗaya, tana karkata kai. Sau da yawa jakar wata tsutsa ce cikin ƙwaƙwalwarta. In aka yanka ta aka jefa wa kare kan, an shuka ciwon ke nan cikin garke.

Maganin abin yana hannunmu:

1. Hanta ko huhu ko kai mai jakar ruwa, a ƙone shi, ko a binne shi cikin rami mai zurfi. A tuna da wannan ranar kasuwa da ranar Sallar Layya.
2. Kada a ba kare ɗanyen kayan ciki. A dafa tukuna.
3. A ba babban kare maganin tsutsa kowane wata 3. Wanda ke kashe irin wannan tsutsa, sunansa a jikin kwali praziquantel. Malamin bisashe zai faɗi adadin da ya dace da nauyin karen.
4. Ƴan kwikwiyo ana yawan haihuwarsu da tsutsa. Shi ya sa cikinsu ke kumbura. Ana fara ba su nasu magani tun suna da mako 2.
5. A kwashe kashin kare daga tsakar gida a binne. Kada kare ya kwanta a bakin rijiya.
6. Yara su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Kashin kyanwa ma yana ɗauke da wani ciwo da ke cutar ɗan da ke ciki. Mace mai ciki kada ta kwashe shi. A rufe dussa da harawa kada kyanwa ta yi kashi a kai, don ciwon na sa tumaki da awaki ɓari.

HAUKAN KARE

Wannan shi ne babba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara. Kusan dukansu a Afirka da Asiya suke. Cikin mutum 10 da ya kashe, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan kullum kare ne ke sa wa mutum.

Ciwon yana cikin miyau. Yana shiga ta cizo, ko yakushi, ko in kare ya lashi miki. Daga nan ya bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yakan yi wata 2 ko 3 kafin ya nuna, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Mikin ya warke, an manta. Amma ranar da alamun suka fito, babu magani, ba na asibiti ba, ba na gida ba. Saniya da jaki da raƙumi da kyanwa duk yana kama su, kuma ba su tashi.

Ga alamunsa a jikin kare: halinsa ya sake. Ya ciji icce ko dutse ko maigidansa. Muryarsa ta canja. Miyau na dalala. Amma ba kowane ke faɗa ba. Wani sai ya lafe, haɓarsa ta saki, ya kasa haɗiya. In kun ga haka kada ku sa hannu a bakinsa da zaton ƙashi ne ya maƙale.

Allurar rigakafi ita ce katanga. Ana yi wa kare da kyanwa tun suna da wata 3, a sake kowace shekara. Allurar da ake yi wa shanu da tumaki kowace shekara daban take, ba ta kare ba ce. Ku tambayi ma'aikatan kiwo na gundumarku, ko mataimakin likitan bisashe na kusa da ku. In an yi, ku karɓi takarda. Ga amfanin karatu nan: ka karanta ranar da kanka, ka san watan da za ka koma.

Makiyayan da ke hawa arewa da damina, wajen Abalak da Azawak, su sauko bayan girbi, karnukansu na haɗuwa da diloli da karnukan wasu garuruwa a burtali da mashaya. A yi musu allura kafin tafiya. Haka mafarauta kafin farautar rani. Haka wanda ya karɓo ɗan kwikwiyo daga wani gari.

IN KARE YA CIJI MUTUM

1. A wanke mikin nan take da ruwa mai yawa da sabulu, har minti 15. Wannan wanki yana ceton rai.
2. Kada a sa gashin karen, ko toka, ko barkono, ko ƙasa. Kada a ɗaure mikin tamau.
3. A tafi gidan likita ranar nan, ko da mikin ƙarami ne. In babu allurar a nan, za su tura ku gaba. Allurar ba guda ba ce, sai an koma. A cika ta duka.
4. In karen gida ne, a tsare shi a ɗaki, a ba shi ci da sha, a gaya wa ma'aikatan kiwo. Za su sa masa ido kwana 10 zuwa 15. Amma kada wanda aka ciza ya zauna jiran kwanakin nan.
5. In an kashe karen, kada a taɓa shi da hannu. A kira ma'aikatan kiwo. Ana gane ciwon ta binciken ƙwaƙwalwar karen.

A koya wa yara su faɗi in kare ya cije su ko ya yakushe su. Kada a doke su in sun faɗa. Yaron da ke tsoron bulala yakan ɓoye cizo. A hana su jifar kare, da taɓa shi yana cin abinci, da kusantar karya mai shayarwa.

Allurar nan ta daɗe a duniya. Wani masani na Faransa, Luwi Paster, shi ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 a 1885, yaron kuwa ya rayu. Shi ya sa tun 2007 ake tunawa da yaƙi da haukan kare kowace ranar 28 ga Satumba, ranar da masanin ya mutu.

AIKIN GARI DUKA NE

Masana sun ce in an yi wa kare 7 cikin 10 allura a gari, ciwon ba ya samun hanyar wucewa. An gwada haka a Injamena, babban birnin Cadi, a 2012 da 2013. Ciwon ya ragu ƙwarai, har aka yi watanni ba a ga mahaukacin kare ba. Daga baya ya dawo tare da karnukan da suka shigo daga waje. Ashe ba aikin shekara guda ba ne.

Mutanen kwarin Majiya sun san wannan. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska. Icce guda ba ya tare iska, sai layi. Haka allurar kare. Naka kaɗai bai isa ba, sai da na maƙwabci.

Zuba wa karnuka guba ba ya kawar da ciwon. Ana kashe har waɗanda aka yi wa allura, baƙi su zo su maye wurinsu. Gubar kuma tana kashe ungulu da kaji, tana iya kai wa yara. Abin da ya fi, kowa ya ajiye adadin da zai iya ciyarwa. Kada a zubar da ƴan kwikwiyo a kasuwa ko a bayan gari. Su ne gobe karnukan da ba su da mai su. Malamin bisashe na iya yi wa kare fiɗiya, ya rage yawo da faɗa.

Muna kira ga masu gari da hakimai da limamai, daga Bangi har Tamaske, daga Karofan har Ibohaman. A ƙidaya karnukan gari. A haɗa kai a nemi ma'aikatan kiwo su tsaida rana guda, kowa ya kawo nasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali da ajin yaƙi da jahilci da bakin rijiya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalinmu da bisashenmu. Amin.