Tutiya: Ƙarfen Da Ake Ajiyewa Domin Gishiri Ya Ci

Daga Dutse zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000 a mota. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mutumin Kiyawa ko Jahun bai taɓa leƙa cikin injin jirgin ruwa ba. Amma kuwa abin da ke tsare wannan inji yana nan bisa kansa, watau tutiyar da aka shafe kwanon rufin ɗakinsa da ita. Muddin tana nan, ko an karce kwanon ba ya saurin tsatsa, domin ita ke fara cinyewa. Ran da ta ƙare sai rufi ya yi ja.

Dalili shi ne, idan ƙarafa biyu daban-daban suka haɗu cikin ruwan gishiri, wata 'yar wutar lantarki takan gudana tsakaninsu kamar a cikin batir, ɗaya ya riƙa zaizayewa, ɗaya ya tsira. Tutiya kuwa ta fi baƙin ƙarfe da tagulla saurin zaizayewa. A shekarar 1824 wani masanin Ingila, Humphry Davy, ya liƙa guntayen tutiya da na ƙarfe a jikin jiragen yaƙin ƙasarsu masu rufin tagulla. Tagullar ta tsira, sai dai ciyayin teku da ƙananan halittu suka sami wurin maƙalewa, tun da dafinta ya daina fita.

Galibin injunan dizal na jirgin ruwa ba su da lagireto irin na mota. Ruwan teku suke zuƙowa, ya bi ta cikin wasu siraran bututai ya sanyaya ruwan injin da mansa, sa'an nan ya fita. Idan gishiri ya huda bututun nan, ruwan teku ya garwaya da mai, to, gyara ya zama na maƙudan kuɗi, mai yiwuwa kuma a tsakiyar teku. Shi ya sa ake cusa sandunan tutiya a hanyar ruwan, kowanne kamar guntun fensir, a ɗaure jikin wani noti na tagulla.

Gano su ne aikin farko ga mai son duba su. Akan same su a murafun na'urar sanyaya ruwa, da ta man inji, da ta man giya. Wahalar ita ce notin nasu ya yi kama da na tsiyaye ruwa, kuma wani injin yana da ɗaya, wani da yawa, wani ma ba a yi shi da ko ɗaya ba. Littafin kamfanin da ya ƙera injin ne ke raba gardama.

Kafin a kwance, lalle ne a kashe inji ya huce, a kuma rufe famfon da ke shigo da ruwan teku, in ba haka ba ruwa ya kwararo cikin jirgi. Sandan da rabinsa ya tafi, canja shi ake yi. Wanda ya karye, tilas a zaƙulo guntayensa, gama su ne ke toshe bututai har inji ya ɗau zafi.

A nan ne makanikai da yawa ke kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Wani ya naɗe zaren notin da tef mai kauri don kada ya yi yoyo, wani ya shafa wa tutiyar da ke jikin jirgi fenti don ta daɗe. Dukansu sun yanke hanyar wutar nan, tutiya ta zauna lafiya lau, gishiri ya koma kan injin. Sandan da aka ciro bayan watanni yana nan kamar sabo ba abin farin ciki ba ne. Haka nan jami'in sayen kaya da ya ga sanda ya cinye ya ce jabu aka kawo masa, bai fahimci abin da ya saya ba.

Ga masu injin kwale-kwale a kogin Haɗeja da sauran ruwayen Arewa akwai ƙarin bayani. Irin wannan inji ma yana da nasa guntun a ƙasa, kusa da farfela. To, amma a ruwan da ba gishiri tutiya takan yi wani farin ɓawo ta daina aiki. Ƙarfen da ake kira maganiziyam shi ya dace da kogi da tafki, ba a kuwa kai shi teku domin can nan da nan yake narkewa. Inda ruwan kogi ke garwaya da na teku, kamar a gaɓar Legas, na alminiyam ake so.