Garkar bayan ɗaki: abin da ɗari ke ba mai gida

Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kountché ta kira jama'a ga noman rani, shu da salati da karoti suka sami gindin zama a tukunyar talaka. A da can cimar Nasara ce da manyan ma'aikata. Yau ko'ina ana nomansu, daga gulbin Maraɗi zuwa garaken Mirriya, har bakin kogin Yamai. Sai dai magidanta da yawa masu fili a bayan ɗaki har yanzu kasuwa suke dogara da ita, alhali wata huɗu na ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sun isa su rage musu kuɗin cefane.

Aikin yana farawa tun Oktoba, da zarar damina ta ɗauke. Ana renon irin tumatir da shu da salati a inuwa, bayan sati 3 zuwa 4 a dasa su da marece cikin fangali. Albasa, irin jar nan ta Galmi da sunanta ya kai Abijan, takan yi kimanin kwana 45 a wurin reno. Karoti kuwa ba a dasa shi. Inda aka shuka nan zai tashi, kuma ba ya son ɗanyen taki, don saiwar takan rabu biyu ko uku. Kashin tumaki da ya ruɓe shi ne daidai.

Maganar ruwa ita ce babba, musamman ga mai biyan kuɗin famfo kowane wata. Fangali mai tsawon mita 10 da faɗin mita 1 yana shan lita 50 zuwa 70 a yini, wato kusan lita 2000 a wata. Wanda bai yi wannan lissafi ba, takardar ruwa za ta yi masa shi. Shimfiɗa ciyawa ko kara a gindin shuka yana rage ƙishin ƙasa, haka ma darni da ke tare iskar hunturu, ya kuma tare akuyar maƙwabta. Ruwan wanki kada ya kusanci ganyen da za a ci ɗanye.

A ganinmu, kuskuren da ya fi yawa shi ne cika garka da tumatir. Lokacin da naka ya nuna, na kowa ya nuna, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Gara a yi sammakon dashe, ko a yanka rarar a shanya ta zama kauɗa don miyar bazara. Salati ma a riƙa shuka shi kaɗan-kaɗan duk bayan sati 2, domin zafin Maris na shigowa sai ya yi tsiri ya yi ɗaci.

Tsutsar shu takan huda ganye kamar rariya. Dakakkun ƴaƴan dogon yaro da suka kwana a ruwa, a tace a fesa da marece, suna rage ta ƙwarai. Wanda ya fesa maganin kanti kuwa, wajibi ne ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya tsinka.

A madafa, shu da karoti sukan shiga miyar shinkafa, amma a ƙarshe ake zuba su don kada su lugwigwice. Yankakken shu ko salati da ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir da ɗan man gyaɗa, kwaɗo ke nan da ke riƙe yara har dare. Ganyen albasa ba a zubarwa, a daka a shanya ya zama gabu. Salati kuma, ko na gida ne, uwargida ta wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta, ta tsane shi kafin ya hau faranti.