Binciken Taskar 'Yan Gwagwarmayar Mata Ya Wuce Buga Kalma a Intanet

Da wuya a yi doguwar gardama kan masu fafutukar 'yancin mata wani bai jefo labarin matan Amurka da suka cinna wa rigunan mamansu wuta a bainar jama'a ba. Labarin ya haura shekara 50 yana yawo. Asalinsa ranar 7 ga Satumba 1968 ne, lokacin da ƙungiyar New York Radical Women ta tara mata ɗaruruwa a birnin Atlantic City don nuna adawa da gasar sarauniyar kyau ta Amurka. Sun ajiye garwar shara suna jefa takalma masu tsini, da gashin ido na kanti, da mujallu, da rigunan mama. Waɗanda suka shirya taron, irin su Carol Hanisch, sun dage cewa ba a ƙona komai ba, domin dandalin na katako ne kuma hukuma ba ta ba su izinin kunna wuta ba. Tun kafin ranar ma wata 'yar jarida, Lindsy Van Gelder, ta kwatanta shirin da yadda samari ke ƙona katin kiran soja saboda yaƙin Biyetnam, kuma daga nan zancen ya samu ƙafa. Sai dai wani masanin aikin jarida, W. Joseph Campbell, ya tono wata jaridar garin da ta ruwaito an ɗan kunna wuta a garwar. Wanda ya duba takardun ɓangarorin biyu zai gane cewa ba a yi gagarumar ƙone-ƙonen da ake kururutawa ba, kuma ƙaramar wutar kanta ana jayayya a kanta.

Irin wannan hukunci ba ya samuwa ga mai buga kalma ɗaya ya ɗauki sakamakon farko. Kuskuren da ya zama ruwan dare, har a tsakanin ɗaliban jami'a, shi ne zaton duk abin da aka taɓa rubutawa yana intanet, kuma abin da bincike bai fito da shi ba to bai faru ba. Yawancin rubutun ƙungiyoyin 'yancin mata da na 'yan gurguzu na shekarun 1960 da 1970 ba littattafai ba ne. Takardun rabawa ne da aka buga da tafireta aka gurza a inji, tawada ta dushe, wasu ba kwanan wata, da yawa ba sunan marubuci sai na ƙungiya. Idan an ɗauki hoton irin wannan shafi, manhaja ce ke ƙoƙarin gane haruffa ta mayar da su rubutun da za a iya bincikawa. Inda harafi ya cuɗe sai ta karanta shi baibai, kalmar ta ɓace wa mai nema alhali shafin na nan a ajiye.

Ko da manhajar ta karanta daidai, akwai matsalar suna. Wanda ya shiga ƙauye yana cigiyar Muhammadu, alhali kowa Ɗanjuma ya san shi, za a rantse masa babu mai wannan suna, ga mutumin kuwa zaune a gindin bishiya. Lafazin da Turawa ke amfani da shi yau ga cin zarafin mata ta hanyar lalata a wurin aiki bai fito fili ba sai 1975, a Jami'ar Cornell, bayan wata ma'aikaciya ta bar aikinta saboda matsin wani malami. Mai neman wannan lafazi a takardun 1969 zai fito hannu rabbana, ya ce matan lokacin ba su koka ba, alhali sun koka da wasu kalmomi. Dole mai bincike ya fara koyon bakin zamanin, ya bi sunayen ƙungiyoyi da garuruwa da shekaru, ya kuma karanta mujalla daga bango zuwa bango.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abin da aka cire da gangan ko doka ta rufe. Ƙungiyar Redstockings, wadda Ellen Willis da Shulamith Firestone suka kafa a 1969, ta buga littafinta Feminist Revolution a 1975. Da kamfanin Random House ya sake fitar da shi bayan 'yan shekaru, an cire sashen da ya yi magana kan alaƙar 'yar gwagwarmayar mata Gloria Steinem da wata cibiya da hukumar leƙen asiri ta CIA ta taɓa ɗaukar nauyi. Mai riƙe da bugu na biyu kaɗai ba zai san an yi wannan rigima ba. A 2014 kamfanin Lawrence & Wishart ya sa taskar Marxists Internet Archive ta sauke wasu kundayen fassarar Marx da Engels saboda haƙƙin mallaka. Mujallar Spare Rib ta Birtaniya, wadda ta fito daga 1972 zuwa 1993, babban ɗakin karatun ƙasar ya ɗora ta a intanet a 2015, amma aka sauke ta bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, domin dokar da ta halatta nuna rubutun da ba a gano masu shi ba ta daina aiki a can. 

Za a ce ai taskar da 'yan ƙungiya suka tara da hannunsu ba za ta rasa son kai ba. Haka ne, kuma maganinsa shi ne a gwada ta da takardun abokan gaba. Hukumar FBI ta Amurka ta sa wa 'yan gwagwarmayar matan ƙasar ido, kamar yadda kwamitin Sanata Frank Church ya bankaɗo a 1975 da 1976, kuma rahotannin 'yan leƙen asirinta sun zama shaida ta biyu, mai nata son zuciyar. Wani kuma zai ce me ya haɗa mu da aƙidar da ta saɓa wa addininmu da al'adarmu? Karanta takarda ba mubaya'a ba ce. Malamanmu sun saba kawo hujjar abokin jayayya yadda ya faɗe ta kafin su warware ta, kuma raddin da aka gina kan jita-jita yakan rushe ranar da aka fito da takardar asali.

Mu ma muna da namu tarihin da ke cikin wannan haɗari. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda neman wa matan Arewa ƙuri'a, kuma ƙungiyar Women in Nigeria ta samo asali ne daga wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1982. Wasiƙu da takardun taro da katunan jam'iyya na wannan zamani da yawa suna cikin akwatunan iyalai, gara da damina na cin su. Duk wanda ya gaji irin waɗannan takardu ya ɗauki hotonsu, ya rubuta shekara da wurin da aka yi su, ya nemi cibiyoyin adana tarihi irin su Gidan Mambayya a Kano ko Arewa House a Kaduna, tun waɗanda za su iya gane fuskoki da sa hannu suna raye.