Faskare: me gatarin yau ya fi na Rumawa da shi?

A shekara ta 79 miladiyya dutsen Besubiyo ya yi aman wuta, toka ta binne garin Pompei na Italiya. Cikin kayan da masu tono suka zaƙulo akwai gatura da guduma na ƙarfe. Mai faskare na yau zai gane su da kallo ɗaya, don siffarsu ba ta sauya sosai ba.

Dalili shi ne itacen ma bai sauya ba. Sara daban, faskare daban. Mai sara yana yanke jijiyar itace ne, sai da ruwan gatari siriri mai kaifi. Mai faskare kuwa tsawon jijiyar yake bi yana raba ta, abin da yake bukata shi ne kauri da nauyi. Rumawa sun san haka. Gatarinsu, "securis", na sara ne. In gungume ya yi gardama, sai su kafa masa ƙarfe ko guntun itace mai bakin tsini da ƙeya mai kauri, "cuneus", su yi ta duka da guduma har ya tsage. Sojojinsu kuma suna ɗauke da "dolabra", gatari ta gefe ɗaya, diga ta ɗayan.

Bambancin yana cikin ƙarfen. Maƙerin Rum daga tama yake fitar da ƙarfe kaɗan-kaɗan, mai taushi, wani lokaci ya liƙa mai tauri a bakin kawai. Bayan da Henry Bessemer na Ingila ya fito da dabararsa a 1856, ƙarfe mai tauri ya yi araha. Babban gatarin faskare na yau, mai nauyin kilo 3 zuwa 4, ya haɗa tsinin da gudumar a jiki ɗaya, kuma kamfanoni irin su Fiskars na Finlan suna yi masa ƙota ta roba mai ƙarfi.

Gatarin Rumawa da na Turai na yau suna da rami a ƙarfen, nan ƙota ke shiga. Namu na gargajiya akasin haka ne: wutsiyar ƙarfen ce ke shiga kan ƙota, ita ke shan dukan.

Don haka wanda zai sayi gatarin faskare ya duba kauri da nauyi kafin kaifi. Siririn ruwa maƙalewa yake a gungume, kuma wajen ɓamɓaro shi ne ƙota ke karyewa.